Ku Tambayi Baffa: Wai da gaske ɗan jarida ya taɓa riƙe babban banki?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Saƙonni sun taru wannan makon amma guda uku kawai zan ɗauka don jirgi ɗaya ne ya kwaso su, masu tambaya kan adashe da rigimar fili ku ƙara haƙuri kuna nan a layi.

TAMBAYA: Salam Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗanka ne daga Jekadafari nan cikin Gombe, aikin jarida na karanta, shekara uku kenan da gama bautar ƙasa, yanzu ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa kuma wallahi ina son aikin amma albashin Baffa sai dai addu'a, wani lokacin sai a haɗa wata biyu ba a ga alat ba, in ba don ɗan kuɗin mota da ake miƙa mana wajen taro ba da bansan ya zan yi ba. To yanzu yayana yace zai iya samo min gurbi a banki, abokaina sunata min dariya wai me ya haɗa kifi da kaska, ni kuma na tuna wani malaminmu ya taɓa bamu labarin wani Bature Martin Taylor wai ɗan jarida ne ya zama shugaban bankin Barclays na Ingila gaba ɗaya. Dan Allah gaskiya ne ko irin labaran ƙarfafa gwiwa ne na malamai? Kuma ni in tafi ko in zauna?
Ɗanka, daga Jekadafari.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, amin na gode. Malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai ya baku kai da ƙafa ne ya bar gangar jikin, kuma a gangar jikin naman yake.

Shi wannan Martin Taylor an haife shi a 1952 a wani gari Burnley a yankin Lankasha na Ingila, garin masaƙa ne, kuma kai ɗan Gombe ya kamata kunnenka ya motsa in kaji Lankasha, don unguwar nan da muke ce wa BCGA sunan ƙungiyar Turawan auduga ne da aka kafa a Manchesta a 1902 saboda masaƙunsu su samu auduga, kaga ashe tun tuni akwai zaren da ya haɗa mu da su. Ya yi makarantar Eton, wadda su David Cameron da Boris Johnson suka yi, ka ɗauke ta kamar Barewa a zamanin da Barewa take Barewa, daga nan ya tafi Oxford ya karanta harsunan gabas, Sinanci ya koya, ba akanta ba, ba tattalin arziki ba. Na faɗa maka wannan tun farko ne don kar mu yaudari juna, yaron da ya fito daga waɗannan makarantu biyu akwai ƙofofin da a buɗe yake tarar da su, kai kuwa sai ka ƙwanƙwasa har hannu ya yi ciwo.

A 1974 ya shiga Reuters, kamfanin dillancin labarai. Bayan shekara huɗu ya koma jaridar Financial Times, kuma a can ba siyasa yake rubutawa ba, ba wane ya zagi wane ba, wani shafi ne ake ce masa Lex, wanda kullum aikinsa shine a ɗauko rahoton kuɗi na wani kamfani a feɗe shi daga kai har wutsiya, a ce wannan ribar da suke tallatawa ta gaske ce ko kwalliya ce, bashin da ke kansu zai kayar da su ko zasu tsallake, duk a cikin 'yan layuka kaɗan, kuma masu karantawa ba irina da kai ba ne, masu kamfanonin ne da kansu da masu hannun jari, ka yi kuskuren lamba ɗaya kafin azahar waya ta dame ka. To shekara huɗu yana wannan. Mutumin da ya yi shekara huɗu kullum hancinsa na cikin littafin lissafin kamfanoni ai ya riga ya yi wata makaranta, satifiket ne kawai ba a bashi ba.

Yanzu ga wurin da malaminku ya tsallake. Daga jarida Taylor bai wuce banki ba. A 1982 ya shiga Courtaulds, wani tsohon kamfanin yadi da sinadarai, wanda a lokacin yake fama da kansa don masaƙun Ingila sunata rufewa, irin abin da muka gani da idonmu daga baya a Kakuri ta Kaduna. Shugaban kamfanin Christopher Hogg shi ya jawo shi jiki ya koya masa aiki. Sai da ya yi shekara takwas ana juya shi, sannan a 1990 da aka raba kamfanin biyu aka damƙa masa ɓangaren yadin ya zama shugabansa. A nan ya koyi abin da biro baya koyarwa, ya za ka biya dubban ma'aikata ƙarshen wata, ya za ka rufe masana'antar da bata kawo komai alhali ka san gidaje nawa ke ci daga cikinta, ya za ka zauna da mai baka bashi. Gaba ɗaya sama da shekara goma ya yi a harkar yadi kafin kowa ya kawo sunansa a maganar banki.

Kuma ko da aka kira shi, larura ce ta sa. Barclays ya zuba bashi sosai a harkar gine-gine da filaye, kasuwa ta faɗi, a 1992 bankin ya yi faɗuwar sama da fam miliyan 200, abin da bai taɓa faruwa da shi ba, masu hannun jari suka tada ƙura suka ce mutum ɗaya, Andrew Buxton, wanda ɗan gidajen da suka kafa bankin ne, ba zai riƙe kujerar ciyaman da ta babban manaja duka ba, a nemo wani daga waje. Haka aka sanar da Taylor a 1993, ya kama aiki farkon 1994 yana da shekara 41. Daga shiga Reuters zuwa wannan kujera shekara 20 kenan cur, ka lissafa da kanka.

Ni abin da ke ɗan bani haushi ma, me ya kai malaminku har Ingila neman misali? Ga marigayi Malam Adamu Ciroma nan maƙwabcinmu na Potiskum, tarihi ya karanta a Ibadan, ya zama editan New Nigerian, a 1975 gwamnatin Murtala ta naɗa shi gwamnan babban bankin ƙasa har 1977, daga baya ya riƙe ministan kuɗi daga 1999 zuwa 2003. Ga Malam Adamu Adamu na Azare shi kuma ta baya ya biyo, akanta ne ya koma ɗan jarida. Don haka abokanka masu kifi da kaska ka ce musu Baffa na gaishe su.

To batun in tafi ko in zauna. Ɗana kafin ka amsa wa yayanka ka tambaye shi, wane irin gurbi ne? Don kalmar banki faɗi gareta. Akwai ma'aikaci na dindindin, akwai na kwantiragi wanda wani kamfani ne daban ya ɗauke shi ya ajiye shi a banki, kaya iri ɗaya suke sawa amma albashi da haƙƙi ba ɗaya ba, akwai kuma ɗan maketin da za a ɗora wa taget ace ya kawo ajiyar miliyan kaza a wata, ya yini yana zagaye tsohuwar kasuwa da Tudun Hatsi da takalmi sau ciki yana roƙon alhazai su buɗe asusu. Duk aiki ne kuma ban raina ko ɗaya ba, wanda ake haɗa masa wata biyu ba albashi ba ni da bakin ce masa ya zauna don son aiki, son aiki baya sayen masara. Amma kar ka tafi da tunanin wai hanyar Taylor ka hau. Abin da ya kai shi ba katin ɗan jarida ba ne, iya karanta lissafi ne da iya faɗinsa a taƙaice yadda kowa zai gane, kuma wannan ko kana rediyo ko kana banki zaka iya fara shi gobe. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari duk suna sakin rahoton shekara kyauta a intanet, ka sauke na banki ɗaya da na kamfanin siminti ɗaya ka zauna kansu da ƙamus har sai ka gane bambancin kuɗin da ya shigo da ribar da ta rage. Kasafin kuɗin jiha ma haka. A garin nan 'yan jarida nawa ne zasu iya buɗe kasafi su ce ga inda aka ce za a kashe ga inda aka kashe? Kowa yana bin 'yan siyasa da rakoda. In ka nemi a baka minti goma sha biyar a sati kana kawo farashin wake da masara da riɗi daga Tudun Hatsi kana bayanin dalilin hawa da sauka, wata shida ya isa 'yan kasuwa su san sunanka, su kuma manajojin banki kunnensu na wajen 'yan kasuwa. In kuma ka shiga bankin to ka yi rajistar jarrabawar ma'aikatan banki ko ta akantoci tun shekarar farko kafin aure da 'ya'ya su cinye lokacin.

Baka tambaya ba amma na san gida zasu tambaye ka maganar kuɗin ruwa, wannan ka kai wa malamai ni ba fagena ba ne, illa dai ka sani tun 2012 Jaiz ya fara aiki, TAJ ya biyo a 2019, zaɓi ya ƙaru. Yadda ta ƙare da Baturen naka kuma ka karanta amsar 'yar'uwarka a ƙasa.

TAMBAYA: Baffa ina wuni, ya iyali. Ni ma'aikaciyar wani banki ce a Bauchi shekarata tara, daga kashiya na fara. Kwanan nan aka kawo mana shugaban shiyya daga wani kamfanin sadarwa, bai taɓa zama a kanta ba ko na rana ɗaya, turanci kam kamar ruwa, kullum taro kullum sabon tsari, mu da muka san kwastomomi ba a tambayarmu, har manyanmu sun fara yi masa zagon ƙasa a ɓoye. Baffa wai adalci ne a tsallake waɗanda suka tsufa a aiki a ɗauko bare? Kuma irin wannan yana ɗorewa?
'Yarka, daga Yelwa, Bauchi.

AMSA: Lafiya lau 'yata, iyali alhamdulillahi. Na ji zafin da ke cikin saƙonki kuma ban ga laifinki ba, amma zan faɗa miki abin da ba lallai ya miki daɗi ba, sau da yawa in kika ga an ɗauko bare to na gida ne suka daɗe suna kallon ɗaki na yoyo har suka saba da tara kwano. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sanin wurin yoyo daban hawa jinka daban.

Ki duba wannan Taylor ɗin da na ba ɗan'uwanki labari. Shekarunsa na farko a Barclays ya yi abin a yaba, ya tsaurara yadda ake auna haɗarin bashi kafin a bayar, riba ta dawo, har bankin ya riƙa mayar wa masu hannun jari rarar kuɗi ta hanyar sake sayen hannayen jarinsa maimakon a zuba su inda ba a sani ba. Idon baƙo ne ya yi wannan, don shi a cikin waɗanda suka ba da munanan basukan ba wanda zai ji kunya.

Amma inda gizo ke saƙar, bankin kamar gida ne mai mata biyu. Akwai ɓangaren da kika sani, rassa, ajiya, bashin ɗan kasuwa da na gida. Akwai kuma ɓangaren 'yan cacar kasuwa, masu saye da sayar da hannun jari da takardun bashin gwamnatoci, ana ce masa BZW, albashinsu ya ninka na kowa kuma haɗarinsu ma haka. A 1997 Taylor ya yanke shawarar sayar da wani sashe na BZW, amma sai aka shelanta za a sayar tun kafin a samu mai saye, ke kin san in dillali ya ji dole ce ta sa ka kawo saniya kasuwa to shi zai yanka farashi, ma'aikata suka fara guduwa, ƙarshe wani banki Credit Suisse First Boston ya saya da arha, jaridun da ya baro suka yi masa ca. Wanzami dama baya son jarfa. Abin da ya rage aka sa masa suna Barclays Capital ƙarƙashin wani Ba'amurke Bob Diamond. Sai ga 1998, a watan Agusta Rasha ta ce ba zata iya biyan bashinta ba, bankin ya ware kusan fam miliyan 250 don toshe asarar, wata guda bayan nan kuma ya sa dala miliyan 300 cikin kuɗin ceto wani asusun zuba jari na Amurka da ya durƙushe. An ruwaito cewa a lokacin Taylor ya kai wa daraktoci shawarar a raba gidan, kowace mata ta kama gabanta, basu yarda ba. A watan Nuwamba 1998 ya ajiye aiki, bai cika shekara biyar ba.

Ni a ganina hankalinsa ya hango daidai, jama'a ne bai tara ba. Mai rubuta shafi shi kaɗai yake zama da takardarsa, in hujjarsa ta fi ƙarfi shikenan ya ci, amma a ɗakin daraktoci hujja ƙuri'a ɗaya ce, sauran sai ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya tun kafin ranar taro, irin yadda mai neman aure ke bin baffanni. Kuma shi kansa bai taɓa zama ɗan wannan kasuwar ba, dole ya dogara da abin da 'yan ciki suka faɗa masa. A 2012, bayan an ci Barclays tarar fam miliyan 290 kan murɗa ma'aunin kuɗin ruwa na Libor har Diamond ya sauka daga shugabancin bankin, Taylor ya rubuta a tsohuwar jaridarsa cewa tun rikicin Rasha Diamond ya nemi ya ajiye aiki shi kuma ya hana shi don yana ganin ba a iya yi sai da shi, kuma ya yi nadama. Ba kowane babba ke iya fitowa ya faɗi haka ba, a nan dai na sara masa.

Abin mamaki kuma maganar tasa bata mutu ba. Bayan rikicin kuɗi na 2008 gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin John Vickers a 2010, Taylor na cikin mutum biyar ɗin, suka ce a gina katanga tsakanin ajiyar talakawa da cacar kasuwa, dokar ta fara aiki 2019. Mu ma nan a 2010 zamanin Sanusi babban banki ya soke lasisin nan na banki ya yi komai da komai. Shi kuwa Taylor bai rasa wurin zama ba, ya yi ciyaman na WH Smith masu shagunan littattafai da jaridu, ya ba bankin Goldman Sachs na Amurka shawara, daga 2005 zuwa 2013 ya yi ciyaman na Syngenta, kamfanin magungunan gona da iri na ƙasar Suwizalan, manoman Dass da Ganjuwa da suka taɓa feshi da maganin ciyawa Gramoxone sun taɓa kayansu ko basu san sunan ba, sannan ya zauna a kwamitin babban bankin Ingila mai sa ido kan lafiyar harkar kuɗi.

Ke kuma 'yata kar ki shiga sahun masu zagon ƙasa, in gini ya rufta kan na ƙasa yake faɗowa, manyan naki suna da inda zasu dafa. Mutumin nan abin da ya rasa shine abin da kike da shi, wane alhaji ne baya son a kira shi ranar Juma'a, wane wata ne 'yan kasuwar Muda Lawal ke cire kuɗi don kaka ta shigo, me yasa matan ƙauye ke tsoron manhaja. Ki rubuta masa shafi ɗaya, ba ƙorafi ba, abu uku da kika gani a kanta da lambobinsu, ki miƙa ta hanyar da ta dace kar manajanki ya ji kin haura kansa. Yadda ya karɓi wannan takardar shi zai faɗa miki ko mai daɗewa ne.

TAMBAYA: Malam Baffa barka da aiki. Ni dattijo ne ɗan fansho a Kumo, jikana ke rubuta min. Muna gyaran ɗakin mahaifina marigayi muka samu littafin ajiya na bankin Barclays a cikin adaka, da saura fam 14 a ciki, kuɗin auduga ne. Wannan bankin yana nan? Kuma ana iya karɓo kuɗin?
Daga Kumo.

AMSA: Baba barka kadai, Allah ya jiƙan mahaifi ya kai haske kabarinsa. Barclays yana nan da ransa a Ingila, amma wanda mahaifinku ya sani a ƙasar nan shine ya zama Union Bank, mai doki. Asalinsa Colonial Bank ne da ya buɗe a 1917, Barclays ya haɗiye shi a 1925, aka yi ta tafiya har zamanin mulkin soja na Obasanjo da aka samu saɓani saboda hulɗar uwar bankin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, gwamnati ta janye kuɗaɗenta, a 1979 aka canza suna. Kaga lokacin Taylor ma yana ɗan jarida, bai san zai taɓa shiga bankin ba. Wani abin dariya kuma, Bob Diamond ɗin nan da na ambata a sama bayan ya bar Barclays ya kafa wani kamfani Atlas Mara, ya zo ya sayi kaso mai tsoka a Union Bank ɗin, ya zagayo ta bayan gida ya shigo tsohon ɗakin.

Batun kuɗin kuma Baba, tunda na marigayi ne ya zama gado, sai an haɗa da takardar kotu mai nuna magada, a kai reshen bankin tare da littafin su duba ko akwai sauran bayani a wajensu. Amma kafin jika ya hau mota zuwa Gombe a yi lissafi, a 1973 da aka canza kuɗi fam ɗaya naira biyu aka mayar da shi, wato fam 14 naira 28 kenan, ko an ɗora ɗan abin da ya taru a kai ba lallai ya biya kuɗin motar ba. In da nine zan sa littafin a leda mai kyau in mayar da shi adaka, in kuma jikan ya iya ɗaukar hoto ya turo min shafin farko ina so in ga hatimin reshen da shekarar.